Kujerar lilo ta lanƙwasasshen itace: yadda ake gane tsohuwa ta gaske

A cikin kayan da 'yan jari-bola da dillalan gwanjo ke turowa a kura zuwa rumfunanmu na Mile 1 da Mile 3 a Diobu ta Fatakwal, ko wajen Bida Road da Head Bridge a Anacha, ko Ama Hausa da Gariki a Inugu, jefi-jefi akan ga wata irin kujera da ba ta yi kama da aikin kafintocin nan ba. Sanduna ne zagayayyu, an murɗa su sun yi ƙawanya a kowane gefe. Mazauni da majingina saƙa ce mai ƙananan idanu, in ba ta riga ta yage ba. A ƙasa kuma akwai sanduna biyu masu doro, su ne ke sa ta lilo gaba da baya. Mai neman ƙarfe ba ya ganin komai a jikinta sai 'yan notuna, shi ya sa sau da yawa takan ƙare a murhun mai shayi. Wani kuma ya taɓa jin cewa Turawa na sayen tsofaffin kaya da tsada, sai ya ƙaƙaba mata kuɗin da babu mai taya shi, ta shekara a rana da ruwa har ta ruɓe. Duk su biyun sun yi asara, don ba su san inda ake dubawa ba.

Wanda ya fito da wannan aiki wani kafinta ne Bajamushe, Michael Thonet, an haife shi a 1796 a garin Boppard da ke bakin kogin Rhine. Da farko yanka itace yake yi siriri-siriri, ya dafa shi cikin gam, ya haɗa yadudduka ya lanƙwasa. A 1842 ya koma Biyana, babban birnin Ostiriya, da goyon bayan Yarima Metternich, a 1853 kuma ya mayar da kamfanin kan sunan 'ya'yansa, Gebrüder Thonet. Dabarar farko tana da wani aibi da mazaunin Fatakwal zai fi kowa ganewa: kujerun da aka tura ƙasashe masu zafi da laima, gam ɗinsu yakan saki, yadudduka su rabu. Wannan na cikin abin da ya kai shi ga lanƙwasa itace sukutum. Ana fiƙe sanda daga itacen bich, wata bishiya ta dazuzzukan Turai, a sa ta cikin tururi na sa'o'i har ta yi laushi, a ɗaura mata zirin ƙarfe ta bayan inda za a tanƙwara don kada ta tsage, ma'aikata su murɗa ta cikin mazubin ƙarfe tun da zafinta, a bar ta ta bushe a ciki. In ta fito, ta zauna a wannan siffa ke nan. A 1856 ya sami takardar mallakar fasahar, ya kafa masana'anta a Koritschan cikin dajin Morabiya, a ƙasar Cek ta yanzu, ya ƙara wata a Bistritz a 1861. Kujerarsa ta gidajen shan gahawa mai lamba 14 ta fito a 1859, kuma zuwa 1930 an sayar da kusan miliyan 50. Kujerar lilo ta farko ta biyo bayanta a 1860.

Shekarar da ta fi shafar mai ciniki ita ce 1869, lokacin da wa'adin takardar mallakar ya ƙare. Daga nan kowa ya shiga sana'ar. Kamfanin Jacob da Josef Kohn, da Fischel, daga baya da Mundus, duk sun yi kujeru masu kama da na Thonet ƙwarai, wasu har lambar samfurin iri ɗaya. Kohn ya haɗe da Mundus a 1914, Thonet ya shiga cikinsu a farkon shekarun 1920. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatocin gurguzu suka karɓe masana'antun da ke ƙasashensu, ta Bistritz ta koma TON a 1953, ta Radomsko a Folan ta koma Fameg, suka ci gaba da fitar da irin kayan zuwa duniya. Saboda haka siffa kaɗai ba ta isa a ce kujera ta Thonet ce ba, kuma ba ta isa a ce ta shekara ɗari ba. An yi wannan siffar a 1880, an yi ta a 1980, ana yin ta yau.

Ta ina irin wannan kujera za ta biyo ta iso Gabashin Najeriya? Hanyoyin ba su da yawa. 'Yan mishan na CMS sun sauka Anacha a 1857, na Katolika a 1885, kamfanonin fatauci irin su John Holt suka kafa rumbuna a bakin Kwara. An gano kwal a yankin Inugu a 1909, aka gina tashar jiragen ruwa ta Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Manajoji da fadoji da ma'aikatan gwamnati sun zo da kayan ɗakinsu, kuma mai komawa gida yakan sayar ko ya bar wa kuku da boyi abin da ba zai ɗauka ba. Wannan ita ce tsohuwar hanya, amma kayan da suka tsallake yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, suka tsallake gara da damina ta shekaru masu yawa, kaɗan ne. Hanya ta biyu shekarun 1970 ne, zamanin da kuɗin man fetur ya cika kantuna da kayan ƙasashen waje. Ta uku kuma kwantenonin kayan gwanjo da mutanen nan ke kira Beljiyam, masu sauka a tashar Onne da ta Legas. A ganina, wanda ya ci karo da kujerar lilo a yau ya fara ɗaukarta a matsayin ta hanya ta biyu ko ta uku, sai in jikinta ya nuna saɓanin haka. Ai kwantena ma takan kwaso tsohuwa ta gaske, don can Turai in tsoho ya rasu akan share gidan gaba ɗaya a sayar wa masu gwanjo.

Ka fara da itacen, don shi ne ya fi wuyar yi wa jabu. Nemi wurin da fenti ko banish ya goge, kan hannun kujera ko ƙasan sandunan lilo. Bich fari ne mai ɗan ja-ja, jikinsa a matse yake, ba shi da manyan jijiyoyi ko buɗaɗɗun ƙofofi irin na iroko da maɗaci. Alamarsa ita ce 'yan gajerun zane-zane masu duhu, tsawonsu bai wuce 'yan milimita ba, a warwatse bisa tsawon sandar. In ka gan su sau ɗaya ba za ka sake mantawa ba. Sannan ka bi sandar da tafin hannu tun daga ƙasa har zuwa inda ta naɗe. A tsohon aiki kaurin yana canjawa: wurin da ke ɗaukar nauyi ya fi kauri, yana sirancewa a hankali zuwa ƙarshen ƙawanya. A inda lanƙwasar ta yi tsanani za ka ji sandar ba ta cika zagaye sosai ba, ta ɗan baje, wani lokaci da 'yan ƙananan tamoji ta ciki. Sawun tururi da ƙarfin hannu ke nan, kuma alama ce mai kyau.

Akwai wani abu da ke ruɗin mutane a nan. Gefen kujerar lilo ya fi tsawon sanda guda, saboda haka akan haɗa biyu. Ana fere bakin kowace a karkace, a ɗora ɗaya kan ɗaya, a sa gam da sukuru, sai ka ga wani dogon layi a gicciye ya ratsa sandar. Wanda bai sani ba sai ya ce karaya ce aka ɗinke, ya rage kuɗi. Ka duba ɗaya gefen. In layin yana nan a daidai wannan wuri, daga masana'anta ya fito. In gefe ɗaya ne kawai, kuma bakinsa ba santsi, to gyara ne.

Abubuwa uku ne ke shigowa da kamar wannan kujera. Na farko, kuma shi ya fi yawa, ita ce ta filawud. Sandunanta ba zagayayyu ba ne, faffaɗa ne, in ka dubi gefensu za ka ga layi-layi na yaduddukan da aka manna. An yi su da yawa tun daga shekarun 1970, ana sayar da su a kwali mutum ya haɗa da kansa, shi ya sa notunansu ke da rami mai kusurwa shida. Ciwon da ya kori Thonet daga gam shi ke kashe su a nan: damina biyu a baranda, yadudduka sun fara buɗe baki. Na biyu ita ce ta ratan, tsiron nan mai yaɗo da ke fitowa a dazuzzukan Neja Delta da Kuros Riba, wanda masu saƙar kujeru na Kudu ke aiki da shi. Ratan yana da gaɓoɓi, ba shi da nauyi, akan naɗe mahaɗarsa da zirin ɓawo, kuma in ka dubi bakin da aka yanke za ka ga ƙananan huji cike, kamar bakin rake. Sana'a ce mai daraja da kasuwarta, amma dabam take. Na uku bututun ƙarfe ne da aka yi wa fenti ruwan itace. Wannan mayen ƙarfe zai raba gardama nan take, kuma ba ɗan jari-bolan da ba ya yawo da shi.

In itacen ya tabbata bich ne sukutum, sai ka shimfiɗa buhu ka kwantar da kujerar a hankali, ka haska cikin zoben mazauni da tocila. A nan masana'antu ke sa shaidarsu, iri biyu: takarda da aka manna, da hatimi da aka danna cikin itacen. Kada ka haska kai tsaye, ka kwantar da hasken ta gefe, haruffan da suka dushe sai su yi inuwa su fito. Za ka iya ganin THONET, ko J. & J. KOHN, ko FISCHEL, ko MUNDUS. Sunan ƙasa ya fi sunan kamfani taimako wajen shekaru. Ba a kafa ƙasar Cekosulobakiya ba sai 1918, ta kuma rabu a ƙarshen 1992, don haka duk kujerar da ke ɗauke da "Made in Czechoslovakia" tsakanin waɗannan shekaru aka yi ta. "Made in Poland" ma bayan 1918 ne. Sunan Yugoslavia ya fara aiki a 1929, West Germany kuwa tsakanin 1949 da 1990. In ka ga TON ko Ligna, aikin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne. Thonet ko Kohn tare da kalmar Wien, wato Biyana, ko Austria, shi ke karkata zuwa kafin 1918. Sau da yawa za ka ga lamba ɗaya ko biyu an buga ko an rubuta da fensir a jikin sassa. Waɗannan na samfuri ne ko na haɗa sassa a masana'anta. Wanda ya ga 14 ya ce 1914 ce ya yaudari kansa.

Rashin takarda ba ya kore tsufa. A ƙasar da kyankyaso da gara da laima ke cin littafi a cikin akwati, ba abin mamaki ba ne takardar da aka manna da gam tun zamanin kakanni ta ɓace. Wani lokaci sai inuwarta kawai, wani ɗan fili mai haske a jikin itacen. Samun takarda ma ba ya tabbatar da komai shi kaɗai, tunda hoton tsohuwar takarda yana nan a intanet, kowa na iya bugawa ya jiƙa da ruwan shayi ya manna. Takarda ta gaske ta tsufa tare da itacen da ke kewaye da ita, ƙura da banish sun hau gefenta, ta yi rauni. Sabuwar takarda a kan tsohon datti, ko sunan Thonet a jikin filawud, ya isa ka san inda aka dosa. Takarda shaida ce ta ƙarshe, bayan itace da ƙarfe sun ba da tasu.

Ƙarfen kuwa sukurori ne. Tsohon aiki da sukuru mai tsaga ɗaya aka haɗa shi. Mai tsagar gicciye, wanda ake kira Phillips, sai a shekarun 1930 ya fito, bai kuma yaɗu a kayan ɗaki ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Amma ka yi adalci: kujerar da ta yi shekaru ana zama a kanta dole wani ya taɓa canja mata sukuru ɗaya ko biyu. Abin dubawa shi ne mafi yawansu, musamman na ɓoye waɗanda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Tsohon sukuru yakan bar baƙin zobe na tsatsa a itacen da ke kewaye da kansa. Ƙusa kuwa, in ka gan ta an buga ta ratsa sanda, aikin mai gyara ne, kuma galibi ta bar tsaga.

Saƙar mazauni ita ce ta fi saurin ɗaukar ido, amma ba ta kai sauran nauyi ba wajen hukunci, don dama ba a yi ta don ta kai shekarun itacen ba. Abin da za ka duba shi ne yadda aka kama ta. In an huda zoben mazauni da jerin ramuka, ka kuma ga zirin ya shiga wannan rami ya fito ta wancan a ƙasa, saƙar hannu ce, irin ta dā. In kuwa an yi kwari kewaye da zoben, aka danna saƙaƙƙen tabarmi na inji aka toshe da siririn kara, wannan ya fi yawa a aikin baya-bayan nan. Yagewar saƙa ba ta kashe kujera, masu saƙar ratan na garuruwan nan za su iya mayar da ita in an nuna masu irin idon da ake so, mai kusurwa takwas, da ɓawon ratan na gaske, ba zaren roba ba. Abin da ke ɓata rai shi ne wanda ya ga saƙa ta yage ya yanko filawud ya buga da ƙusoshi a kan ramukan, ya ɗora soso da leda. Zoben da aka riga aka huda da ramuka masu yawa ba ya jure ƙusa, sai ya tsage daga rami zuwa rami.

To, an san ko wace ce. Saura lafiyarta, kuma a nan ne yanayin Gabas ke shigowa, don bich itace ne mai ƙarfi a cikin ɗaki amma ba ya jure laima, ƙwari kuma suna son sa. Ka tsayar da kujerar a daɓe mai daidai, ka tura ta da yatsa. Lafiyayya za ta yi lilo a wuri ɗaya ta tsaya a hankali. Wadda ke tafiya gefe ko tana dukan ƙasa da ƙafa ɗaya, sandunanta sun murɗe. Ka tsuguna ta baya ka daidaita ido da gefen biyu, ka ga ko ƙawanyoyin sun yi daidai da juna. Itacen da aka lanƙwasa da tururi in ya sha ruwa sosai yakan nemi miƙewa, ya koma yadda yake a dā. Kujerar da ta kwana cikin ambaliya irin ta 2012 ko ta 2022 da ta shafi Anacha da Ogbaru za ta nuna layin ruwa a jikinta, ƙasa ya yi fari ko toka, haɗin karkace ya buɗe. Fatakwal kuwa ruwan da take samu a shekara ya haura milimita 2,000, ko ba ambaliya kujerar da aka bari a kan siminti mai danshi daga ƙasa take ruɓewa. Ka danna farce a ƙasan sandunan lilo. In ya shige, ruɓa ta kama. Ƙasan nan ya kamata ya nuna cin daɓe, ya ɗan baje ya yi santsi a tsakiya, wannan shaidar amfani ce ta shekaru. Wadda aka ce ta tsufa amma ƙasanta bai taɓa gogar ƙasa ba, akwai tambaya.

Sai ƙwari. Gunda tana barin ƙananan ramuka zagayayyu, faɗinsu milimita ɗaya zuwa biyu. Tsofaffin ramuka baƙaƙe ne, ba su da illa sosai in ba su yi yawa a wuri ɗaya ba. Sababbi bakinsu fari ne, suna zubar da gari. Ka ɗora kujerar kan baƙar leda, ka ƙwanƙwasa ta, ka bar ta ta kwana. In da safe ka ga ɗigon gari, ƙwaron na nan da rai, kuma kada ta kusanci sauran kayan katako sai an yi mata magani. Gara ta fi muni, don ta ciki take ci ta bar fatar waje lafiya lau. Ka bi sandunan da bayan sukundireba kana bugawa a hankali, inda sautin ya zama na fanko nan ta wuce. Gara a majingina ana iya lallaɓawa. Gara a sandar lilo ko a mahaɗar hannu, kujera ta tashi daga abin zama, kuma bai halatta ka sayar wa mutum ita don tsohuwarsa ta zauna ba tare da ka faɗa masa ba. Tsaga ma iri biyu ce. Wadda ta bi tsawon sanda ta bayan lanƙwasa, ana zuba gam a ɗaure ta kama. Wadda ta yanke sandar a gicciye, babu kafintan da zai mayar da ƙarfinta, kuma ba a samun bich a kasuwar katako ta nan balle a turara sabuwa.

Babbar ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan kujeru da kyakkyawar niyya ake yin ta. Mutum ya sayi tsohuwa, yana son ta yi kyan gani, sai ya kai wa mai fenti ya kankare ta da samfefa har cikin zoben mazauni, ya fesa mata banish mai walƙiya. Hatimi ya tafi, takarda ta tafi, launin da shekaru suka ba ta ya tafi, kuma wanda ya san kaya ba zai ƙara kallonta ba. Abin da take bukata kaɗan ne: tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan don cire datti da baƙin hayaƙin nan da ya fara addabar Fatakwal a 2016, a bushe ta a inuwa, a shafa mata kakin goge katako. Kada a wanke ta da bokiti, kada a shafa mata baƙin man inji da sunan maganin gara. Maganin ƙwari da sirinji ake ɗura shi cikin ramuka, a waje, nesa da yara da abinci. In kuma an taɓa yi mata fenti tun dā, a yi hattara da ƙurarsa, don tsofaffin fenti da yawa suna da dalma, kuma wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai kankare shi a tsakar gida ba.

Maganar kuɗi tana bukatar sanyin zuciya. An yi waɗannan kujeru a masana'anta, da yawan gaske, don talaka da mai matsakaicin hali. Gaskiya ne wasu samfurori suna gidajen tarihi a Turai da Amurka, kuma Picasso ya ajiye irinta a ɗakin zanensa, amma wannan bai mayar da kowace ta zama dukiya ba. Kuɗin da za ka gani a intanet galibi abin da mai kaya ya sa ne, ba abin da aka saya ba, kuma a Landan ko Biyana ne, inda mai saye yake kusa. Daga nan sai ka cire kuɗin akwati da jirgi da dillali, kujerar lilo kuwa ga cin wuri. Mai daraja ta sama ita ce mai hatimin Thonet ko Kohn na kafin 1918, sassanta duka na asali, ba karaya, ba a kankare ta ba. Irin wannan ta cancanci a ɗauki hotonta da kyau a nemi wanda ya san kayan tarihi kafin a sallama: hoton gefe gaba ɗaya, na cikin zoben mazauni, na hatimi da hasken gefe, na sukurori, da na kowane aibi ba tare da ɓoyewa ba. Ta bich sukutum daga Cek ko Folan ko Romaniya ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kujera ce ta ƙwarai, kasuwarta kuma tana nan kusa: masu otal, masu ƙawata gidaje, da masu shirya fim na Asaba da Inugu da ke neman kayan da za su nuna gidan dā. Ta filawud kuwa a sayar da ita a kuɗin kujerar zama, a faɗi abin da take.

Labarin da mai kaya zai ba ka, cewa ta wani Bature ce na kamfanin kwal ko ta wani fada ce, ka saurara da ladabi, amma kada ka biya kuɗin labari sai da hoto ko takarda. Abin da ya fi labari muhimmanci shi ne sanin hannun da ta fito. 'Yan'uwanmu masu sana'ar jari-bola a garuruwan nan suna fama da zargi, laifin mutum ɗaya yakan shafi unguwa guda. Tsohuwar kujera abu ne da iyali ke ganewa ko bayan shekaru. Ka sayi daga mai gida ko magajinsa, a gaban shaida, a rubuta 'yar takarda da kwanan wata da lambar waya. In yaro ne ya kawo ta da magariba yana sauri, a bar ta, ko nawa ya sallama.

Wanda zai kai ta gida Arewa kuma, ya zaɓi lokaci. Itacen da ya yi shekaru yana shan laimar bakin teku, in aka sauke shi a Kano ko Sakkwato cikin hunturu zai bushe da gaggawa, ya tsuke, sukurori su yi sako-sako, haɗin karkace ya buɗe, saƙa ta yi ƙarau ta karye. Damina ta fi, lokacin da iskar can da ta nan suka fi kusa. A mota kada a ɗaure ta a saman kaya rana na dukanta, kada kuma a ja igiya ta cikin ƙawanyoyin, a naɗe ta da bargo a ɗaure ta zoben mazauni. In ta isa a ajiye ta a ɗaki nesa da taga, a bar ta makonni kafin a taɓa sukurorinta, sannan a ɗaure su da hannu a hankali, don tsohon bich yana tsagewa in aka matsa. Saƙar kuma a riƙa shafa mata jiƙaƙƙen tsumma ta ƙasa lokaci-lokaci har hunturu ya wuce.